Sawu a Kan Kwalta

Da ƙarfe takwas da minti goma sha ɗaya na safiyar Asabar motar Refilwe Motaung ta daki katangar tayoyi. Babu mai gardama a kan lokacin, domin a filin Doringlaagte komai aunawa ake yi, har hatsari. Ɗan akwatin da ke manne a gaban sitiyarinta ya rubuta gudun da take yi, da inda ta taka birki, da sakan ɗin da komai ya tsaya cak. Ƙugunta da ya karye gida biyu ne kawai bai rubuta ba. Wannan sai da likitoci suka duba.

Motar asibiti ba ta gama fita ba wani ya ɗauko igiyar awo ya nufi allunan birki guda uku, masu nuna mita nawa suka rage a kai kwana, da ke gefen miƙaƙƙiyar hanya, gab da kwanar da ake kira Ƙugiya. Allon da aka rubuta wa ɗari yana kan mita saba'in da takwas daga kwanar. Sauran biyun ma sun matso haka. Duk wanda ya gaskata su a safiyar nan ya taka birki a makare, Refilwe kuwa ta fi kowa gudu, ta fi kowa gaskatawa.

'Yan ƙungiyar Doringlaagte ba 'yan tsere ba ne, kuma za su gaya maka haka tun kafin ka tambaya. Likitocin haƙori ne da lauyoyi da dillalan taraktoci, mutanen da ke yin mako guda suna aikin hankali don su samu Asabar ɗaya su sa hular kwano su bi rabin sakan da gudu. Babu kofin nasara, babu 'yan kallo. Akwai dai baƙin allo a ɗakin taro mai sunaye da lokuta rubuce da alli, kuma an taɓa samun dattawa biyu da suka yi shekara biyu ba sa gaisawa a kan abin da ke jikinsa. Mutanen kirki ne. Shi ya sa babu wanda ya ce Elphas Baloyi mugu ne. Cewa suka yi ya tsufa.

Elphas ne mai kula da filin, shekara goma sha bakwai ke nan, kuma ɗan gidan da ke bayan rumfar motoci tare da aikin yake tafiya. Duk Juma'ar da ta gabaci ranar tuƙi yakan cire allunan, ya bi ciyawa da inji, ya mayar da su. Wannan Juma'ar ma haka ya yi.

"Mutum in ya haura sittin," in ji wani likitan haƙori, yana tauna wors, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa a hanji a gasa, cikin burodi, "ido yakan fara yi masa wasa. Ba laifinsa ba ne."

"Ko kaɗan ba laifinsa ba ne," kowa ya amsa. Nan take aka sa taro ranar Lahadin mako mai zuwa don a sallame shi.

*

Da la'asar Dewald Steenkamp, shugaban ƙungiya, ya faka motarsa a ƙofar ɗan gidan. Ya shigo ba sallama, kamar yadda ya saba, ya ajiye ledar busasshen nama a kan tebur, ya ja kujerar da ta zama tasa tun tuni.

Shi ne ya kawo Elphas wannan wuri. A gandun dajin Limpopo suka haɗu, lokacin Elphas yana zaune a kan hancin motar baƙi yana bin sawun damisa, Dewald kuma yana baya yana tambayoyin da babu wanda ke tambaya. Da aka sayar da gandun, Dewald ya yi tafiyar awa biyar ya kwaso shi da matarsa da kayansu. Ranar jana'izar matar, Dewald na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawa.

"Boet," in ji Dewald, wato ɗan'uwa a yarensu, "ka ci wani abu yau?"

"Ban matsar da su ba, Dewald."

"Na san ba da gangan ba ne."

"Na ce ban matsar da su ba. Ramin kowanne na san shi kamar yadda na san bakina."

Dewald ya yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da alheri ya yi wa nauyi. Ya zaro takarda daga aljihu ya shimfiɗa.

"Saurara. 'Yan'uwan yarinyar nan suna maganar 'yan sanda. In ka sa hannu a nan cewa kuskure ne, ni zan tsaya a gabanka. A rufe maganar cikin mutunci, a yi maka liyafa, ni da kaina zan gasa naman. In ka ƙi, ban san inda abin zai tsaya ba."

"Gidan fa?"

"Gidan na mai aiki ne, Boet, ka sani. Amma zan samo maka wuri. Na taɓa barin ka a ƙasa?"

Elphas ya kalli takardar. An buga ta da kyau, har da layin da zai sa hannu. Ya yi mamakin yadda mutum zai samu natsuwar rubuta irin wannan a rana irin ta yau, sai ya tuna Dewald mutum ne mai tsari.

"Bar ta nan," ya ce. "Zan karanta."

*

Washegari, rana na fitowa, ya taka zuwa Ƙugiya. Inda aka auna allunan ba abin karantawa, mutum arba'in sun tattake shi suna binciken da ya ƙare a kansa. Bai tsaya nan ba. Ya koma baya zuwa inda allunan suka saba tsayawa, wurin da babu wanda ya ga dalilin zuwa.

Ramuka ukun suna nan. An toshe kowanne da dunduniya, an ja busasshiyar ciyawa an rufe. Mai kuskure ba ya rufe rami.

Ya tsuguna ya karkata kai yadda haske zai kwanta a kan ƙasa. A watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar nan, raɓa tana daskarewa a kan ciyawa kafin gari ya waye, kuma ciyawar da aka taka tana daskare takan ƙone ta yi baƙi, ta zauna haka kwana da kwanaki. Ga su nan a jere, baƙaƙen tabo, daga kowane rami zuwa sabon wurin allonsa: taku ashirin da biyu, manya, irin na mai ƙirge. Sau uku. Shi da la'asar ya yi aikinsa ranar Juma'a, ciyawa a bushe. Wannan mutumin da asubahin Asabar ya zo.

Takalmin siriri ne mai laushin ƙasa, na tuƙi. Wannan bai rage kowa ba. Duk 'yan ƙungiyar suna da irinsa, har waɗanda gudunsu bai kai na motar burodi ba.

Sai dutsen. Fari ne, girman kan ɗan rago, an kafa shi a tsaye daidai kan tsohon ramin allon ɗari. A gefensa akwai tsatsa, alamar da shi aka buga turakun allunan. Elphas ya san kowane dutse a wannan gefe, domin kowane dutse ya taɓa cinye masa wuƙar inji. Ranar Juma'a babu shi. Wanda ya gama aiki da dutse yakan jefar da shi ya kwanta yadda ya ga dama. Wannan an zaunar da shi ne, farin gefensa yana fuskantar masu zuwa.

Bai taɓa shi ba. Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

Ya kira lauyan ƙungiya ya gaya masa. Lauyan ya saurara da ladabi.

"Baƙar ciyawa," ya ce. "To, Elphas. Abin sha'awa. Amma ka san mu da lamba muke aiki."

*

Sunan da ke yawo a bakin masu son a samu mugu maimakon tsoho shi ne Kiran Padayachee. A watan jiya ya yi wa Refilwe ihu a gaban kowa a kan ta tare masa hanya, kuma mai gadi ya ga motarsa a filin tun ƙarfe shida ranar Asabar. Elphas ya hau tasi ranar Talata ya same shi a shagonsa na sayar da tayil.

"Bra Elphas! Ka zo kama ni?" Kiran ya ware hannuwa. "Kama ni, don Allah, in huta da matata."

"Me ka zo yi da ƙarfe shida?"

"Canja taya. A ɓoye. Na sayi sababbi masu laushi, ban so Dewald ya gani ya fara wa'azin ƙa'ida ba. Zo ka ga abin da ya same su."

Ya ja shi bayan shago. Tayoyin gaba biyu suna jingine da bango, kowacce da wani faffaɗan tabo inda kwalta ta kankare ta har zare.

"Zagayena na biyu ke nan. Na taka a allo kamar kullum, sai ga Ƙugiya a kan hancina. Na danne birki har idona ya fito. Na zaci sanyin taya ne, na zagi wanda ya sayar mini har kakarsa. Ka ga mahaukacin da zai haƙa rami ya fara faɗawa da sababbin tayoyi?"

Elphas ya shafa tabon da tafin hannu. Ba ƙarya ba ce. Ƙafar da ta yi wannan a tsorace take.

"Kun yi faɗa da ita."

"Ni da wa ban yi faɗa ba? Na yi da kai a kan tuta, ka manta? Refilwe ta fi ni da sakan biyu, Bra. Wanda ya fi ka da sakan biyu ba abokin gabarka ba ne, wani gari yake."

*

A asibiti Refilwe tana kwance, an ɗaure ta da ƙarafa kamar injin da ake gyara. Injiniyar ma'adinai ce, kuma abin da ya fi damunta shi ne an hana ta kwamfuta.

"Ntate Elphas," ta ce, wato Baba Elphas. "Sun ce kai ne."

"Haka suka ce."

"Ban yarda ba. Mutumin da ke tsince tsakuwa ɗaya-ɗaya daga kan layi?" Ta yi ƙoƙarin dariya, ƙugun ya hana. "Zauna. Ture furannin can, Oom Dewald ne ya cika ɗakin kamar na mutu."

"Me kika gani kafin ki taka?"

"Allo. Me zan gani? Shekara uku Oom Dewald yana zaune kusa da ni yana buga gwiwata: 'Kar ki yarda da cikinki, yarinya, ciki matsoraci ne. Allon ɗari, birki.' Cikina ya ce mini taka, na ce masa yi shiru." Ta juya kai ta kalli silin. "Kuma ka san abin haushi? Akwatin yana nuna mini kore tun daga kwana ta ɗaya. Ɗigo biyar nake gaba. Da na gama zagayen nan da an goge sunan da ke saman baƙin allo."

"Sunan wa ke sama?"

"Haba Ntate, kai ke share ɗakin. Minti ɗaya da sha biyu da ɗigo huɗu. Shekara shida Oom Dewald yana zaune a kai kamar kaza."

Elphas ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya fito. A cikin tasi ya yi wa kansa faɗa. Mutum uku ne a saman allon nan, kowannensu zai sauka mataki ɗaya. Kuma mutum ba ya karya ɗalibarsa. Ya maimaita wa kansa wannan har gida.

*

Tannie Marlize, wato Inna Marlize, ita ce ke riƙe da lokutan ƙungiya, ita ce kuma mai kicin, kuma ta haɗa ayyukan biyu da doka guda: wanda bai miƙa ɗan katin akwatinsa ba, ba ya cin wors. Ta haka kwamfutarta ta tara zagayen kowa na shekaru. Ranar hatsarin, Dewald da kansa ya ba da umarni a karɓi katin duk wanda ya fita, don a ga an yi bincike. Na Refilwe kaɗai aka buɗe.

Ranar Alhamis Elphas ya same ta tana wanke tukwane.

"Tannie, ina so in ga abin nan da suke kallo."

"Shekara goma sha bakwai kana ce masa talabijin ɗin mahaukata."

"Har yanzu ban canja ra'ayi ba."

Ta goge hannu ta buɗe. Wani layi ya bayyana, yana hawa a hankali, ya faɗo tashi ɗaya, ya sake hawa.

"Wannan gudu ne. Nan miƙaƙƙiyar hanya, yana ta hawa. Inda ya karye ya faɗo, nan mutum ya taka birki. Lambobin ƙasa kuma mita ne, daga layin farawa."

Elphas ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo.

"Ai wannan sawu ne," ya ce.

"Sawun me?"

"Na ƙafa. Ga inda ya saki jiki, ga inda ya tsorata. Wannan na waye? Yana taɓa birki ya saki ya sake taɓawa, kamar barewa a bakin ruwa."

"Likitan haƙori," in ji Tannie Marlize, ta dube shi da kyau. "Wa ya gaya maka?"

"Za ki iya ɗora na watan jiya a kan na Asabar? Mutum ɗaya, sawu biyu."

Ta iya. Motoci tara ne suka fita a rukunin farko. Ta fara da Kiran: ja na watan jiya, shuɗi na Asabar. Shuɗin ya wuce jan da mita ashirin da ɗaya kafin ya faɗo, kuma ya faɗo kamar an jefo shi daga bene. Lauya, mita goma sha tara. Likitan haƙori, ashirin da uku. Refilwe, ashirin da biyu. Ɗaya bayan ɗaya, garke guda, kowa ya bi allo zuwa inda aka kai shi.

Na takwas bai motsa ba. Ja da shuɗi sun faɗo wuri ɗaya.

"Oom Sarel," in ji Tannie Marlize, ta fashe da dariya. "Bar wannan. Shekararsa saba'in da shida, rabon da ya ga lambar allo tun ina budurwa. Da itacen turare yake birki. Ran da aka sare itacen nan sai dai a ɗauko shi a gonar masara."

Ta danna na tara. Dariyar ta tsaya.

Ja da shuɗi sun kwanta a kan juna kamar layi ɗaya. Zagaye na biyu, haka. Na uku, haka. Mai tsabta, ba gyara, ba tsoro. Elphas ya taɓa ganin kurar da ta san inda aka ɗana tarko. Ba ta gudu, ba ta waiwaye. Tana zuwa wurin sai ta ɗan kauce kawai, ta ci gaba da tafiyarta.

"Watakila ya ji a jikinsa," in ji Tannie a hankali. "Ya daɗe a nan."

"Kin tuna watan Maris, ran da iska ta kayar da allon ɗari ana cikin tuƙi? Buɗe mini nasa na ranar."

Ta buɗe. Elphas ya kalla, ya gyaɗa kai, ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Elphas. Me za ka yi?"

"Zan jira shi. Har Lahadi akwai kwana uku."

Dewald ya zo ranar Juma'a. Ya kawo lemo da jarida, ya tambayi gwiwoyin Elphas, ya ba da labarin furannin da ya kai asibiti. Elphas ya ba shi shiru mai faɗi, wanda mutum zai iya ajiye duk abin da ya ɗauko a ciki. Dewald ya leƙa cikin shirun, ya tambaya ko an sa hannu a takardar.

*

Ranar Lahadi an kunna wutar gashi tun hantsi, domin 'yan ƙungiyar ba sa korar mutum da yunwa. Mutum talatin suka zauna a ɗakin taro. Dewald ya miƙe ya yi jawabi mai kyau a kan shekara goma sha bakwai na amana, muryarsa ta karye a inda ya dace, sannan ya juya.

"Boet, kana da abin faɗa?"

"Ina da tambaya, Shugaba. Ga Oom Sarel."

Oom Sarel ya farka. "Wa? An fara ci?"

"Oom, da me kake birki a Ƙugiya?"

"Da itace mana. Akwai wani abu ne a wurin?"

Aka yi dariya. Elphas ya jira ta ƙare.

"Kai fa, Shugaba?"

"Kowa ya san yadda nake koyarwa," in ji Dewald. "Allon ɗari."

"Allon ɗari, birki," Kiran ya kwaikwayi muryarsa daga baya. "Ciki matsoraci ne!"

Tannie Marlize ta riga ta jona kwamfutarta da babban talabijin da suke kallon tseren Turai. Ba ta nemi izini ba. Layukan suka fito ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunaye da mitoci, kowa yana gyara zama idan aka zo kansa, domin ko a wurin shari'a ɗan ƙungiya yana son a ga layinsa. Bakwai sun bi allo. Oom Sarel ya bi itace. Ta ɗora na tara.

Waɗannan mutane ba su iya karanta ciyawa ba, amma wannan sun iya. A waje kitse yana ɗiga a wuta.

Dewald ya yi murmushi. "Shekara ashirin da biyar ina shiga kwanar nan. Ƙafata ta san wurin ko ba allo."

"Tannie, na Maris," in ji Elphas.

Layuka shida suka fito, zagaye shida na ranar da allon ya faɗi. Babu biyun da suka faɗo wuri ɗaya. Wani ya riga da mita goma sha biyar, wani ya makara da goma, sun watse kamar kaji.

"Ran nan ƙafarka ba ta san wurin ba, Shugaba. Ran Asabar ta sani, sau uku, ba ta kuskure ko mita ɗaya ba. Ta taka tun kafin ta kai allo, a kan fili." Elphas ya juya ga jama'a. "Amma ba fili ba ne. Akwai farin dutse a tsaye a kan tsohon ramin, yana kallon masu zuwa. Ranar Juma'a babu shi. Wanda ya matsar da allo yana bukatar abin da zai kalla shi ma, tunda shi ma zai shiga kwanar. Yana nan, ban taɓa shi ba. Tannie ta auna: inda layin nan ya faɗo, nan dutsen yake. Ku ɗauko igiyarku, ku da lamba kuke aiki."

Lauya ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Kiran ya miƙe tsaye.

Dewald ya kalli talabijin ɗin ya daɗe. Da ya buɗe baki, muryarsa ta fito kamar ta mai bayanin injin da ya ƙi tashi.

"Tsakuwa kawai za ta shiga. Akwai tsakuwa mita talatin a wurin, na auna. Ta ɓata zagaye ɗaya, sanyin safiya mai ƙara wa mota gudu ya wuce, shi ke nan sai hunturun baɗi. Kafin rukuni na biyu ya fita zan mayar da su. Ban zaci za ta zo da wannan gudun ba." Ya juya ga jama'a. "Ni na koya mata. Ban zaci ta kai nan ba."

"Saboda alli, Dewald?" in ji Oom Sarel, wanda yanzu ya farka sosai. "Saboda alli?"

"Ni fa?" in ji Elphas.

Dewald ya juyo da mamaki na gaskiya, kamar wanda aka tuna wa wata 'yar ƙaramar magana. "Kai ai da na samo maka wuri, Boet. Na gaya maka."

Tannie Marlize ta fita da wayarta tana neman lambar yayan Refilwe. Likitan haƙori ya matso ya dafa kafaɗar Elphas ya ce shi dama tun farko abin bai kwanta masa ba. Mutum huɗu suka ce su ma haka. Lauya ya ba da shawarar a rubuta cewa ƙungiya ba ta taɓa shakkar mai kula da filinta ba, aka amince ba mai ja. Naman ya ƙone, ba wanda ya kula sai Oom Sarel.

*

Mai gadi ba ya zuwa ranar Lahadi, don haka Elphas ne a bakin ƙofa lokacin da motar Dewald ta gangaro. Ta tsaya a gaban sandar. Gilashi ya sauka.

"Tun yaushe ka sani?"

"Alhamis."

"Na zo gidanka Juma'a." Idanun Dewald sun yi ja. "Da ka gaya mini mu biyu. Da mun san yadda za mu yi. A gaban mutane, Elphas? Bayan duk abin da ke tsakaninmu?"

Elphas ya dube shi. Da gaske mutumin yake. An ci amanarsa, kuma yana jin zafin.

"Awa guda ka zauna a kujerarka ran nan," ya ce. "Ban ce komai ba don kai ka ce. Ka tambaye ni ko na sa hannu."

Gilashin ya koma sama.

Elphas ya ɗaga masa sandar, domin aikinsa ne, kuma har yanzu nasa ne. Ya tsaya riƙe da ita har motar ta hau titi, sannan ya sauke.